Tambaya Ta Goma Sha Bakwai

Kwana uku aka yi ana horar da mu a Birnin Kebbi,
aka ba mu riga mai tambari, da jaka, da na'urar latsawa.
Aka ce gida arba'in kowace, ba ƙari ba ragi,
kada ki sa baki, kada ki karɓi ko goro,
ke dai tambayi, ki latsa.

Gida na tara yana bayan kasuwar Bunza,
inda ambaliyar bara ta bar zanenta a katanga, daidai ƙuguna.
Tumba na zaune tana tsince tsakuwa cikin shinkafa,
da yatsu take gani, ido ya daina taya ta.

Shekarunki nawa, Inna?
"Shekarar da gulbi ya ƙafe ina goyon Noma."
Na'ura lamba take so.
Na ba ta saba'in, na nemi gafara a zuci.

Wa ke riƙe da gidan nan?
Ta ɗaga faifai ta nuna sama.
Na duba: akwai miji, akwai ɗa, akwai "wani daban".
Yatsana ya tsaya, ya ƙi sauka.

Mutum nawa ke ci a tukunyarki?
"Wace rana, ɗiyata?
Ran da Noma ya aiko daga Ikko, mu tara ne, har ɗiyan maƙwabta.
Ran da bai aiko ba, tukunya na hutawa,
mu huɗu muna cikin lissafin Ige, can bayan danga."

Jikoki uku sun kewaye ni suna leƙen gilashi:
Arzika, da Hakama mai wushirya,
da ƙaramin da uwarsa ba ta kai ranar sunansa ba,
yana tari kamar ana kankare ƙwarya.

"Ke ce ta uku," in ji ta.
"Na farko ya auna hannun yaron ga da zare mai launi.
Ta biyu ta ɗauki hoton rufin ɗaki.
Ana ta ƙirga mu kamar awaki ran kasuwa,
har yau ba mu ga mai saye ba."
Ta yi dariya. Ni ma na yi, don ban san inda zan sa ido ba.

Sai ta goma sha bakwai.
Cikin kwana bakwai da suka wuce,
sau nawa kika kwanta ba ki ci ba?

Hannunta ya tsaya cikin shinkafa.
Ta ce Arzika ya ɗebo wa baƙuwa ruwa,
amma Hakama ba ta motsa ba, kunnenta a miƙe.
"Ko sau ɗaya!" Ta faɗa da ƙarfi, har kaji suka watse.
"Mu nan sai godiya."
A ƙarƙashin faifai, inda yarinya ba ta gani,
yatsu uku suka fito, suka koma.

Ba a koya mana wannan ba.
Baki ya ce babu, hannu ya ce uku,
gurbi kuma ɗaya ne.

Da zan tafi ta kama bakin mayafina,
ta zuba shinkafa tafi guda, ta ƙulle tamau.
Na ce an hana mu.
Ta ce, "Wanda ya hana ki bai zo gidana ba.
Ke da kike yawon tambayar tsofaffin mutane,
taki uwar, wa ya ba ta ruwa yau?"

Da dare na tsaya gindin turken waya ina neman layi.
Gida tara suka haura sama ɗaya bayan ɗaya,
Tumba ta zama lamba mai harafi biyu a gaba.
Uku na latsa mata.
Ko amana na ci, ko amana na riƙe, ban sani ba.

Ƙullin na nan yana bugun ƙirjina in na yi tafiya.
Na kira Jega. Ta daɗe tana ƙara
kafin Innata ta lalubo wayar cikin duhu.